Ƙarfen da Aka Ce Ya Faɗo Daga Sama

Pueblo, Colorado
9 ga Maris, 1997

Zuwa ga compadre Eleuterio Gurulé,
Cañada Prieta, New Mexico.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya gwiwar nan taka, yaya matarka comadre Senaida, yaya 'yan tumakin da ka bari don kada a ce ka daina kiwo? Ni lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Adelina, 'yata da ka riƙe a hannu ranar baftismarta har muka zama compadre, tana gaishe ka. Ta ce in kira ka a waya, na ce mata kunnen compadre ya riga shi mutuwa, gara takarda.

Akwai wata magana da na taɓa ji, Terio, shekaru da yawa baya. Wai ƙarfen nan naka da ke cikin akwatin gilashi a gidan tarihi na cikin gari, wanda ake cewa ɓallin jirgi mai kama da faranti ne na mutanen wata duniya, har da rubutunsu a jiki, bai taɓa hawa sama da kantar ɗakin girki ba. Mutum uku suka faɗa min, kowa da lokacinsa, duk na ƙaryata su. Na ce baƙin ciki ne irin na ƙauye, tunda ga namu ya shiga jarida.

To ran Lahadi sai ga ka a talabijin, da sabuwar malafa fara fat kamar angon da ya makara. Yarinyar da ke yi maka tambayoyi ta ce kai ne mutum na farko da ya ga abin. Adelina ta ƙara murya don in ji daɗi. Ban ji ba.

Bari in tuna maka, tunda yanzu da tunawa kake cin abinci. Safiyar nan ta Yulin 1947, bayan hadarin da ya yi ta tsawa, ni na kora garken Don Abundio zuwa mashaya. Tumaki suka ƙi tsallake kwarin, suka cure wuri ɗaya. Na sauka na tarar fili ya cika da tarkace: wata takarda mai ƙyalli irin ta cikin kwalin sigari, sanduna marasa nauyi, da roba mai warin ƙonannen takalmi. Na fi rabin awa ina juya su da ƙafa kafin ka iso a kan alfadarin nan Obispo, bakinka cike da gurasar masara. A talabijin ka ce tsigar jikinka ta tashi. Ni abin da na ji ka ce shi ne, "Wa ya zubar da shara a nan?"

Bayan kwana uku sojoji suka zo suka kwashe komai. Suka sa muka cire takalma, suka duba cikin malafa, kai har wando suka sa ka zazzage a gaban tumaki. To a ina ka ɓoye ƙarfe mai faɗin tafin hannu? Kuma ni a cikin tarkacen nan ban ga ƙarfe ko ɗaya ba, balle mai rubutu.

Ba na son ka ji a bakin wani, shi ya sa na ɗauki biro. Bana abin zai cika shekara hamsin, na ji za ku yi gagarumin biki. Na rubuta wa wata malamar jami'a mai binciken ƙarafa, Dakta Halvorsen, na ce ta auna shi. Masu gidan tarihi sun yarda da murna, suna ganin hujja za su samu. Ba don mugunta na yi ba. In daga sama yake, ni zan fara cire maka malafa.

Ka huta lafiya.
Naka, Tranquilino Maestas

*

Cañada Prieta
20 ga Maris

Lino,

Na samu takardarka. Muna lafiya. Gwiwa tana nan inda ka bar ta. Senaida ta ce a gaida Adelina, kai kuma ta ce ko ka rage cin gishiri.

Hassada ga mai rabo taki ce, tsoho. Kai ka fara gani, to sai me? Karenka ma ya riga ka gani, ka ji an sa shi a jarida? A 1978 da ɗan jaridar nan ya zo neman waɗanda suka shaida, ƙofarka ya fara ƙwanƙwasawa. Me ka ce masa? "Shara ce." Bawan Allah ya tuƙo mota tun daga California, ka sallame shi da shara! Ya zo wurina, na ba shi kujera da kofi. Ƙauyen da ya kusa mutuwa, yanzu duk Yuli motoci har bakin coci. Jikar Onofre wanzami ta buɗe gidan abinci. Kai kuma kana Colorado kana kallon talabijin kana cin ranka.

Kuma Obispo alfadara ce. Ko wannan ba ka riƙe daidai ba, kai mai tunawa.

Yanzu maganar malamar nan taka. Ran Talata suka buɗe akwatin suka naɗe ƙarfen a auduga suka aika mata, ba wanda ya tambaye ni. Na tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo.

Lino, ka rubuta mata ta bari. Ba don malafata ba, in kana so ka zo ka ɗauke ta. Ka zo bikin ma, zan sa a ɗora ka a motar gaba ta jerin gwano, in faɗa da bakina cewa kai ka fara gani. Ban taɓa roƙon ka komai ba, ko a ranar da ya kamata in roƙa. Wannan ɗaya nake roƙo. Akwai abin da in an tono shi ba ni kaɗai zai yi wa wari ba.

Ka turo amsa ta gidan waya, ni nake ɗauko wasiƙa da kaina. Kada ka ba kowa ya kawo gida.

Allah ya bar mu tare.
Eleuterio

*

2 ga Mayu, 1997

Zuwa ga Malam Tranquilino Maestas.

Ina gaishe ka da girmamawa, tare da godiya kan wasiƙarka da ta fara wannan aiki. Na kammala gwaji, kuma na ga ya dace ka fara sani.

Ƙarfen ba baƙon abu ba ne. Gwangwani ne na yau da kullum, an yanke shi da almakashi an miƙar. A bayansa, da madubin ƙara girma, ana ganin ragowar tambarin wani kamfanin kitsen girki, kuma kamfanin bai fara amfani da wannan tambari ba sai a 1950. Ke nan ba zai yiwu a ce an tsince shi a 1947 ba. Tarkacen da ka bayyana min sun yi kama da balan-balan ɗin auna yanayi, amma tunda ba su a hannuna, ba zan yanke hukunci a kansu ba.

Game da abin da ake kira rubutun mutanen wata duniya: hudoji ne ƙanana, layi tara, an buga su ɗaya bayan ɗaya. Littattafai da dama sun kafa hujja da cewa hudojin masu kusurwa huɗu ne, wai hannun ɗan Adam ba ya yin haka. A ganina kan abin da aka buga su da shi ne mai kusurwa huɗu. Duk sun ɗan kwanta gefe guda, alamar mai aikin bahago ne. Ga hoton da na ƙara wa girma.

Zan wallafa rahoton kafin bikin Yuli. Abu ɗaya ya rage min: ko ka san wani mai aikin gwangwani a ƙauyenku a waɗancan shekaru? In an samu suna, maganar ta ƙare ke nan, kuma zan ambace ka a matsayin wanda ya gano gaskiya.

Da fatan alheri,
Dakta Marjorie Halvorsen

*

Pueblo
11 ga Mayu

Eleuterio,

Ina gaishe ka saboda an koya min gaisuwa.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ban rubuta wa malamar ta bari ba, na ce tsoro ne ya kama ka, har na ji daɗi. Ga kwafin wasiƙarta da hoton. Kwana uku ke nan ina kallon sa a teburin girki, Adelina tana tambaya ko jinina ne ya hau.

Ka san wanda ke huda mai kusurwa huɗu a Cañada Prieta. Kowa da ƙusar kafinta yake yi, mai zagayen kai. Mutum ɗaya ce take yi da ƙusar takalmin doki, wadda ta gada wurin babanta maƙeri, kuma da hagu take riƙe guduma. Shekara arba'in da huɗu ina jin ƙwas-ƙwas ɗin nan a bayan gida, tana yanka gwangwanin kitse tana yi wa hotunan waliyyai firam. Matata Eufemia, Terio. Femia da muka binne shekara huɗu da suka wuce, kana riƙe da gefe ɗaya na akwatin gawar, kana kukan da ya fi nawa ƙara. A lokacin na ce kai aboki ne na ƙwarai.

Layi tara kuma ba sai malamar jami'a ta fassara min ba. Addu'ar kwana tara ce, layi ɗaya kowace rana, kowace huda addu'a guda. Bakance ne, irin wanda matanmu ke ratayewa a coci ƙarƙashin waliyyi in nasu yana bakin mutuwa. Mace tana yi wa mijinta, ko ɗanta, ko ɗan'uwanta. Kai wanne ne a ciki?

Na zauna na yi lissafin shekaru kamar ɗan sanda. Mun yi aure 1949. Gwangwanin bai girmi 1950 ba. Lokacin sanyin 1951 kana Koriya ana harbin ka, ni ina Wyoming ina kiwon tumakin wani. Na yi ciwon huhu a can, har na yi aman jini, amma ban taɓa gaya mata ba. Duk wasiƙar da na sa aka rubuta mata, "lafiya lau, abinci da yawa." To mutumin da ke lafiya lau ba a yi masa bakance. Saura kai.

Yanzu komai na ɗauko sai in ga ya canza kala. Me ya sa in za ka zo cin abinci take gasa barkono kore dabam, wai compadre ba ya son ja? Ni ma ban cika son ja ba, shekara arba'in da huɗu ina ci. Wa ya zaɓe ka uban baftismar Adelina, ni ko ita? Na rantse na manta. Rawar bikin San Isidro ta 1955, da ka taka mata ƙafa ta yi dariya har da hawaye, ni da na taka ta cewa ta yi in kula. Shekarata saba'in da ɗaya, ina zaune ina kishin barkono.

Na so in ƙwace maka malafa ne kawai. Malamar tana jiran suna, ta ce za ta sa nawa a littafi. Abin da nake nema tun 1978 ga shi a faranti, sai dai da sunan Femia zan saya. Ban ba ta amsa ba.

Tambaya ɗaya: da hannunta ta ba ka?

Tranquilino

*

Cañada Prieta
23 ga Mayu

Compadre,

Na karanta a cikin mota a bakin gidan waya, na yaga ambulan na zuba a shara. Ina gaishe ka, ko ba ka so.

A'a. Ba ta ba ni ba. Sata na yi.

Na dawo daga Koriya a Afrilun 1952, ƙafa ɗaya tana ja. Na shiga coci da rana in yi godiya, sai na ga sabon gwangwani rataye ƙarƙashin hoton waliyyi San Isidro. Doña Cleofas tana shara. Na ce na wa? Ta ce, "Femia ta Lino ce ta rataya a watan Janairu, kwana tara tana zuwa cikin dusar ƙanƙara." Na ce don wa? Ta ce, "Ni mai shara ce, ba limamin coci ba." Ta juya baya, na cire na sa a ƙirji.

Ka sani ko ba ka sani ba, na riga ka son ta. Ni na nuna maka ita a bikin Abundio. Na tsaya jiran in sayi riga mai kyau kafin in je gidansu, kai ka tafi da tsohuwar rigarka mai warin tumaki. Ban taɓa ce mata komai ba, ita ma haka. Ran aurenku na tsaya a bayanka na riƙe maka zobe. To da na ga gwangwanin nan na ce, ko ba komai, kwana tara ta tuna da ni. Na naɗe shi a rigar soja, na sa a ƙasan akwati shekara ashirin da shida.

Ɗan jaridar nan ya ce in nuna masa hotona na samartaka. Na buɗe akwati, rigar ta warware, ƙarfen ya faɗi ƙasa, cas. Senaida tana tsaye da butar kofi. Ta ce, "Wannan kuma mene ne kake ɓoyewa, Terio?" Me kake so in ce? Na ce daga filin nan na tsinto. Matata na yi wa ƙarya, Lino, ɗan jarida ya rubuta. Kafin wata biyu har Japan an buga. Ni ban taɓa cewa rubutu ne ba, su suka ce.

Yanzu ga wanda zai yi maka daɗi, ni kuma ya daɗe yana ci na. Lissafinka na ɗan sanda akwai rami. Onofre wanzami ya dawo daga Wyoming ana jibi Kirsimetin 1951, ya gaya wa duk wanda ya zauna a kujerarsa cewa ya baro ka kana aman jini. Ƙauye duk ya sani. Femia ta sani, ta bar ka da "lafiya lau" ɗinka don kada ka ji kunya. Ni ban ji wannan ba sai bayan shekara biyu da satar. Tun ranar ban san abin da ke cikin akwatina ba, nawa ne ko naka. Kai kwana uku ka yi kana kallon hoto. Ni shekara arba'in da uku. Kai ka ci abincinta kullum, ka yi faɗa da ita, ta yi maka aski a tsakar gida ina wucewa ina gani. Ni gwangwani, shi ma ban tabbata ba. Sai ka zo kana kishin malafa.

Barkono kuwa, ja yana sa ni gudawa, kowa ya sani.

Ka gaya wa malamar ni maƙaryaci ne, a sauke hotona, zan ɗauka. Amma kada ka ba ta sunan. Senaida tana da rai, shekararta sittin da takwas, ta ɗauki Femia 'yar'uwa. Kuma ka san mutanen nan, kafin Yuli sun buga fuskar Femia a riga suna sayarwa.

Ka ce mutum uku suka gaya maka. Su wa? In akwai wanda ya san don wa ta yi, ka faɗa min, ko wanne ne. Na gaji.

Naka har yanzu,
Terio

*

Pueblo
2 ga Yuni

Compadre Terio,

Gaisuwa. Yaya gwiwa.

Na rubuta wa malamar cewa kowace mace a Cañada Prieta tana huda gwangwani a zamanin, kuma ni tsoho ne, ban riƙe suna ba. Za ta wallafa cewa gwangwanin kitse ne. Hotonka zai sauka, nawa ba zai hau ba. Abin da za ka gaya wa Senaida kai ka sani, ka iya.

In sun mayar maka da shi, ka kai shi inda ka ɗauko, ka rataye. In don ni ta yi, ka hana ni shi shekara arba'in da biyar. In don kai ta yi, ba na son ya ƙara kwana a gidanka. Zan zo Yuli in duba da idona, kuma ba zan hau motar gaba ba.

Ba wanda ya san don wa. Na farko Onofre ne, reza tana wuyana. Ta biyu 'yar Doña Cleofas, a wurin wata jana'iza. Na uku ranar da aka buɗe gidan tarihin ne, 1984. Muna tsaye gaban akwatin gilashi, ni idona na kan hotonka da aka yi ya fi ƙofa girma, ina cizon leɓe. Aka ce min a hankali, "Gwangwanin kitse ne, Lino. Dubi layi na bakwai, ya karkace. Hannu ne ya yi sanyi." Na yi dariya, na ɗauka ba'a ake yi wa mutanen sama cewa ba su iya aiki ba. Ban ko sunkuya na duba ba. Daga nan aka wuce wurinka, aka ce maka malafarka ta yi kyau.

Femia ce.

Ka huta lafiya.
Lino